Ramar Iya a But ɗin Motata

Komai zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba. Ba don rago ko taro ba, sai don abin da aka ciro daga but ɗin motata a gaban surukaina.

Ni haifaffen Kaduna ne, ban san gona ba sai ta tagar mota. A lokacin ina cikin kwamitin unguwarmu na yaƙi da shaye-shaye, har an taɓa tara mu aka yi mana lacca a kan tabar wiwi, da hotuna da komai. Mai laccar ya ce ganyen nan iri-iri ne kamar dawa, kowanne da asalinsa. Akwai tsofaffin iri da manoma suka adana kaka da kakanni a duwatsun Asiya, daga cikinsu aka haɗo na zamani. Ya ƙara da cewa ana faɗin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama na cikin waɗanda suka shigo da ƙwayarsa ƙasar nan. Tun daga ranar na naɗa wa kaina rawanin masani. (Matata Hadiza ta ce ko zogale na gani sai na tsaya na ƙura masa ido.)

Hadiza 'yar Dandamisa ce ta ƙasar Makarfi, can ta tafi wankan gida. Ana gobe suna na isa da rago da katan-katan na lemo. Wadda ta fara tarbata ita ce Iya, kakar Hadiza, tsohuwa mai tsokanar tsiya.

“Ga mijin nawa ya iso,” in ji ta. “Ka kawo wa amarya rago, ni uwargida ko goro babu.”

Bayan la'asar na so kiran abokaina in kwatanta musu hanya, sai aka ce ba a samun sabis sai a kan wani tudu a bayan rumbu. Ina hawa, waya a kunne, idona ya sauka a kan wasu tsirrai da aka kewaye da ƙaya. Sun fi ni tsawo, ganyensu a rarrabe kamar yatsun hannu, gefensa da zarto-zarto. Ni ramar da na sani ita ce ta kasuwa mai faɗin ganye, ko kuma dafaffiya a kwano da ƙuli-ƙuli. Wannan kuwa hoton lacca ne sak.

Nan take lissafi ya fito mini. An ɓoye abin a bayan rumbu. Ƙanin Hadiza, Sale, kullum idonsa ja wur. Sannan marigayi mijin Iya, kowa Baba Soja yake ce masa. Shi ke nan, na ce a raina, tsohon iri ne tun na Bama, jika ya gaji kaka.

Za ku ce me ya hana ni tambaya. To wa zan tambaya? In durƙusa gaban surukina in ce, Baba, wiwi kuke nomawa? Ga shi cikin abokan da na gayyato har da ɗan sanda. Sai na yanke shawarar rufa wa gidan asiri ba tare da kowa ya sani ba. Mata na can suna daka, maza sun tafi sayen goro, na tuge tsirran nan kaf har saiwa, na kakkarya na cusa a buhun taki, na jefa a but kusa da lemo, da niyyar in watsar a rafi in zan koma. Hannuna na ta ƙaiƙayi, amma zuciyata fes. (Har na ɗan tausaya musu da ba za su taɓa sanin irin surukin da Allah ya ba su ba.)

Da safe aka raɗa suna, yarinya ta ci sunan Iya, Sa'adatu. Muna zaune a ƙofar gida ana ta barka, sai muka ji salati daga bayan rumbu. Iya ce ta je tsinko ganyen da za a yi wa baƙi kwaɗo.

“Wa ya tuge mini ramata?”

Kalmar nan ta rama ta shiga kunnena ta sauka har cikina. Muka zagaya gaba ɗaya. Iya ba ta yi kururuwa ba, ta dai zauna a kan wani tsohon turmi tana kallon ramukan. Wani ya ce ko awaki ne, ta ce akuya ba ta tafiya da saiwa. Sannan ta shiga faɗa, kamar da kanta take magana. Irin nan kakarta ce ta zo da shi daga Janfalan. A gidansu duk 'yar da za a kai ɗaki sai an ƙulla mata 'yan ƙwarori a tsumma. Tsaminta daidai, ba ta ɗaci, igiyar ɓawonta kuma sai ta ɗaure saniya. Sauran dangi duk sun koma ta kasuwa, ita kuma ajiyarta ta bara ruwa ya shiga ya lalata. Abin da ya rage ke nan ta shuka, ga shi ko fure bai kai ga yi ba.

“Jira nake ta yi 'ya'ya in ƙulla wa takwarata,” ta ce.

Ina cikin tunanin yadda zan sulale da mota, sai surukina ya ce, “Malam, ba Sale makulli ya fito wa baƙi da lemon nan.”

“Baba, bari in ɗauko da kaina.”

“Haba, angon ƙarni da dako? Ba shi.”

Na miƙa makullin kamar mai miƙa wuyansa. Ba a jima ba sai ga Sale, ba lemo a hannunsa, sai buhu, saiwoyi sun leƙo ta baki da ƙasarsu. Ya dire shi a tsakiyar mutane.

“Malam, wannan fa?” in ji Baba, a natse.

“Baba, wallahi na zaci... wiwi ce.”

“Ta wa?”

Sai munafukin idona ya tafi kan Sale.

“Ni?” Sale ya dafe ƙirji. “Yaya, hayaƙin mazarƙwaila ne fa! Kullum ina bakin wuta!”

Abokina ɗan sanda, wanda dominsa na yi duk wannan aika-aika, shi ya fara fashewa da dariya har da riƙe ciki. Na durƙusa gaban Iya, na rasa inda zan sa fuskata.

“Ashe tun da ka auri jikata wiwi nake kwaɗa maka, kana lashe hannu kana a ƙaro,” ta ce. Aka sake kwashewa. Da dariya ta lafa, sai ta shafa wani karyayyen kara ta ce, “An yi dariya dai, amma iri ya tafi.” Wannan maganar ta fi dukan tsumagiya zafi, kuma a nan ne na ji kunya ta gaske.

Hadiza ce ta aiko daga ɗakin jego cewa nata ƙullin na aure yana nan a ƙasan akwatinta a Kaduna. (Ƙullin da na taɓa cewa ta zubar, wai zai jawo mana ɓera.) Iya ta ce iri in ya kwana biyu ba lallai ya fito ba, amma a gwada. Ta nuna ni da sandarta: “Kai ka tuge, kai za ka shuka.”

Haka na yi rani guda ina fargaba. Ruwa na sauka na shuka a bayan ɗakinmu, mafi yawa suka ƙi fitowa, 'yan kaɗan suka leƙo. Na yi gadinsu fiye da yadda nake gadin motata. Da kaka na kai wa Iya busassun 'ya'yan a kwano. Ta murza, ta hura, ta ware na shukarta, ta ƙulla sauran a tsumma ta ce a ajiye wa takwara. Ba ta yaba mini ba, cewa kawai ta yi, “Ɗan sandan rama ya biya tara.” Sunan da ya bi ni ke nan a Dandamisa har yau.

Yanzu duk damina sai na shuka. Kwanaki shugaban kwamitinmu ya zo gaishe ni, ya hango ta, ya yi turus. Ya rage murya ya ce, “Haba Malam, mu da muke kwamiti?” Sai na ga ya kai hannu zai kama kara. Na cafke masa wuyan hannu.

“Alhaji, fara da tambaya,” na ce. “Kunyarta ba ta wuce minti ɗaya. Ni da na fara da tugewa, ga 'yata har ta shiga makaranta, ban gama jin tawa ba.”