Wa Ya Ture Duniyoyin?

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da ranar gasar kimiyya ta makarantar su 'yata Hadiza a unguwar Treichville ba. Shekarar da mahaifiyarta ta rasu ce. Da can marigayiyar ke zuwa irin waɗannan taruka, ni ina teburin sayar da nama a kasuwar Adjamé. Tun bayan rasuwar, 'yar tawa ta daina hira, sai "to" da "a'a". Zancen sararin samaniya kaɗai ke buɗe mata baki.

Bayan la'asar takan zaunar da ni ta yi bita a kaina. Wai asalin duniyoyin nan ƙura ce da iska suna kewaya rana a baje kamar faifai. Ƙurar ta riƙa mannewa tana dunƙulewa har ta zama duwatsu, duwatsun suka haɗu suka zama duniyoyi, shi ya sa suke tafiya a shimfiɗe ɗaya. Amma can nesa akwai ƙanana masu kewayawa a karkace, don manyan duniyoyi sun ture su daga layi. Ta faɗi sunan babbarsu da Faransanci, na gyaɗa kai kamar na gane. (Faransancina na ciniki ne: kilo, rabin kilo, babu canji.)

Ranar gasar na rufe tebur, na sa babbar riga, muka shiga tasin haɗaka, wato woro-woro, a tashar Roxy. Wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci makarantar, kuma Hadiza ta sa rai ƙwarai.

Ta yi bayani tiryan-tiryan, har na ji ƙwalla. Sai shugaban alƙalai, wani dogo mai tabarau, ya tambaye ta me ya karkatar da na nesan. Ta yi shiru tana kallon ƙasa. Ni da na san shirun nan a gida, sai na ɗauka amsar ta ɓace mata. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"C'est Jean-Pierre qui a poussé!" na faɗa da muryar kasuwa. Wato Jean-Pierre ne ya ture su.

Zauren ya ɓarke da dariya. Ashe sunan duniyar Jupiter. Jean-Pierre kuwa sunan mai tabaran ne.

Ya dube ni cikin ladabi ya ce shi dai bai taɓa ture kowa ba, amma a ƙa'ida duk ɗalibin da aka jefo wa amsa daga cikin jama'a ya fita daga gasa. Na ce ai amsar tawa ma ba daidai ba ce. (Da na yi shiru.) Aka ƙara dariya. Hadiza ta tattara kayanta ta sauko.

A hanyar komawa gida, sai da mota ta hau gada ta yi magana, fuskarta na wajen taga.

"Papa, na san amsar fa. Numfashi nake ja. Mama ce ta ce in riƙa yin haka kafin in amsa."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "To."

Wani maƙwabcin teburina yana zauren, don haka har yau Alhaji Jean-Pierre ake kirana a layin mahauta. Wannan bai dame ni ba kamar yadda Hadiza ta koma yin bitarta a ɗaki, ƙofa a rufe.

Na dai koyi abu ɗaya: in ka ga mutum cikin ruwa, tambaye shi ko wanka yake kafin ka faɗa ceto.