Rasuwar Allon da Bai Taɓa Dishe Harafi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Kailu, mai buga wa jama'a takardu a bakin kasuwar Filinge, yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar allon kwamfutarsa, wanda ya zauna gabansa shekara goma sha shida. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a hannun masu iyayi.

Marigayin baƙi ne mai kauri, ba shi da kyan gani. Amma harafi in ya hau fuskarsa sai ya tsaya tas, baƙi wuluk a kan fari. Da shi Kailu ya buga wasiƙun manoman Kurfai da takardun neman aikin ƴaƴansu, ba a taɓa dawo masa da ko guda ba. Ba shi da surutu. In an kunna shi ya ce "ƙit", in zafi ya tsananta ya yi "ziiii" a hankali, shi ke nan.

Ciwon ajalinsa daga Yamai ya zo, cikin jakar Manzo, ƙanen matar Kailu, mutumin da ya san sunan kowace waya amma bai taɓa buga wasiƙa ba. Ya kawo tsarabar kwamfuta siririya, ya ɗauke tsohuwar da suka saba da marigayin. Da aka haɗa su, haruffa suka yi dishi-dishi, kamar rubutun da ruwa ya taɓa. Ashe ita ƴar gayun, tsarinta ba ya fitar da rubutu sosai sai a allon da ya kai ta tsada. Maimakon Manzo ya ga laifin baƙuwarsa, sai ya ɗora wa dattijo. Kwana uku yana cusa masa wayoyi, cire wannan, sa wancan, har bawan Allah ya ce "ɗas", ya yi ƙauri, ya rufe ido.

Ya bar tebur guda, da tsumman da ake lulluɓe shi da shi, da Kailu. Wadda aka ɗora a gurbinsa kuwa, wata ƙatuwar talabijin ce, wai ita magajiya. Faɗi kamar ƙofar shago, amma lamba uku da lamba takwas duk ɗaya ne a wurinta. A kanta Kailu ya ƙara wa wata yarinya, Ummul, shekara biyar a takardar jarabawar ungozoma, aka ce ta wuce shekarun shiga. Ta dawo ta ajiye masa takardar, ko gaisuwa babu. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Tun daga ranar, layin masu kawo aiki ya koma shagon tsallake, ƴan baƙin ciki kuma suna yaɗa cewa idon Kailu ne ya tafi. Iyalan mamacin sun yi tir da wannan ƙarya.

Za a yi masa sutura da busasshen tsumma ranar Lahadi bayan la'asar, in kasuwa ta watse, a ɗauke shi a amalanke zuwa rumfar Magagi mai gyaran rediyo, inda za a raba kayan cikinsa ga mabukata. An yafe wa Manzo zuwa. Zaman makoki a ƙofar shago, kwana uku, tunda dai babu aiki.

Masu zuwa ta'aziyya su yi sallama da ƙarfi, su faɗi sunansu tun daga bakin ƙofa. Kuma don Allah kada wanda ya sake kawo tabarau.