Rasuwar 'Yar Jidda, Mai Gadin Shanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido guda na hawaye guda na kallon katangar gabas, Iya Asma'u, wadda duk bayan tashar Funtua aka sani da Tsohuwa mai surfe, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba sa buƙatar sanarwa tunda da su aka yi, cewa motarta 'Yar Jidda ta rasu ranar Litinin da hantsi, a cikin rijiyar tsakar gida, bayan 'yar gajeriyar jinya da magani mai yawa.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ja ce, girmanta kamar ɗan akuya a kwance, ƙafafunta huɗu na roba, ba a shiga cikinta. Linzaminta wani ɗan baƙin akwati ne mai eriya. Kana zaune ka tura da babban yatsa ta tafi, ka karkata ta karkata. Alhaji Shitu, ɗan Tsohuwa da ke aiki a Kaduna, shi ya sayo ta a Jidda shekarar da ya sauke farali, wai tsarabar 'ya'yansa. Suka zo da ita gaisuwa, aka sake ta a tsakar gida, ta yi wiiiii, kajin maƙwabta da ke kan shanyar masara suka watse, har da mai barin gashi a ƙasa. Tsohuwa ta dubi kajin, ta dubi gwiwoyinta da ba sa tashi sai da salati, ta miƙa hannu ta karɓi linzami. Jikoki suka koma Kaduna da dabino da kuka.

Ba don wannan baiwar Allah ba, da tuni Tsohuwa ta bar gidan mijinta. Shitu ya daɗe da yanke magana: ran da ta kasa tsare shanyarta, zai turo mota a kwashe ta zuwa gidan sama, inda ba turmi, ba rana, ban ɗaki ma a cikin ɗaki yake. Kowa a unguwa ya ji wannan magana. Ladidi ta bayan katangar gabas, mai kaji ashirin da ɗoriya da tsakar gida kamar faifai, ita sau biyu ta ji, don ta roƙa a maimaita mata.

Shekara uku marigayiya na gadi. Daga hantsi zuwa la'asar tana zagaya tabarmi shida na surfaffiyar masarar masu tuwon tasha, ba ta taɓa cin ƙwaya ɗaya daga abin da aka ba ta tsaro ba, shaidar da ba kowane mai gadi ake yi wa ba. Ba ta tsegumi. Ba ta leƙen katanga. Abincinta batir takwas irin na tocila, in ta ƙoshi ta yi wiiiii, in za ta ja da baya ta yi ƙir-ƙir-ƙir, in yunwa ta kama ta sai ta koma nnnnn kamar tsoho na gyangyaɗi. Ko a haka, kaza ba ta iya haɗa ido da ita.

Ciwon ya fara ne daga gaba. Tsakar gida ba kwalta ba ce, ga dutse, ga kwata, sai sifirin ɗin ƙafafun gaba suka saki, goshinta ya dinga sharar ƙasa, kurrr, kurrr. Akwai masu cewa tsohuwar tsintsiya da murfin langa da Tsohuwa ta ɗaura mata a goshi don ƙarin kwarjini su ne suka yi mata nauyi. Masu wannan magana ba su taɓa korar kaza ba.

Aka kai ta wurin Oluwole mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, haifaffen garin nan, wanda Hausarsa ta fi ta wasu da gaskiya. Ya juya ta, ya danna gaban da yatsa, ya ce sifirin take so mai ɗan ƙarfi kaɗan, ba da yawa ba, don gaban mota dole ya dinga durƙusawa, wanda ba ya durƙusawa tsalle yake yi. Ya ce zai taho da shi daga Kano nan da mako biyu, kafin nan a cire tsintsiyar. Mako biyu, cikin kaka, masarar Danja da ta Maska na ta shigowa.

Ana cikin haka sai ga sallamar Ladidi. Matar da rabonta da shiga gidan tun kafin a canja kuɗi, ta zo da goro biyu, ta durƙusa har ƙasa, ta kira Tsohuwa Iya sau uku a numfashi ɗaya. Wai me za a jira Kano, ga ƙanenta Mudi mai gyaran keke, yau-yau zai ɗaure gaban nan ya fi na akori-kura, kuma kyauta. Tsohuwa ta san ruwa ba ya tsami banza. Amma masara ba ta jira, kaji ma ba sa jira.

Mudi ya saɓa marigayiya a kafaɗa ya tafi rumfarsa. Kafin azahar ya dawo da ita da sifirin ɗin sirdin keke guda biyu, kowanne kaurin yatsa, an naɗe da waya. Yana ta rantsuwa wai yanzu ko Alhaji Shitu ya zauna a kai ba za ta lotsa ba. Gaskiyarsa, ba ta lotsa ba. Goshinta ya ɗaga sama kamar wadda aka yi wa sarauta. Muryarta ta sauya, in ta taka tsakuwa sai ka ji ƙwan, ƙwan. In aka ce mata hagu, sai ta yi shawara tukuna.

Ga yadda ajali ya zo, mai hankali ya auna. Ranar Lahadi da yamma Ladidi ta aiko aron fallen kwanon da ake rufe rijiya da shi, wai za ta shanya tattasai. Ranar Litinin da hantsi jan zakaranta ya diro ta katanga, ya hau tabarma ta uku. Tsohuwa ta tura linzami. Shekara uku zakaran nan in an kore shi katanga yake nufa. Ran nan rijiya ya nufa, inda wani ya barbaza dawa a bakinta. Gidan Tsohuwa ba a ajiye dawa, masara ce sana'arta. Marigayiya ta bi shi da iyakar ƙarfinta, ta daki dutsen bakin rijiya, dutsen da ta taka sau ɗari da tsohon gabanta ta haɗiye shi ba gardama. Sabon gaba ya cilla ta. Ta tashi sama kamar an kira ta, ƙafafu na juyawa a iska, ta yi wiiiii na ƙarshe, sannan tsulum. Zakara ya matso, ya leƙa, ya yi cara.

Masu yasar rijiya suka tsamo ta. Oluwole ya buɗe cikinta, ya shanya kwana biyu, ya girgiza kai. Komai ya mutu, sai abu biyu da suka fito lafiya lau suna sheƙi: sifirin ɗin Mudi.

Ta rasu ta bar linzaminta, wanda har yanzu in aka kunna shi jan idonsa na haskawa yana nemanta. Ta bar batir takwas, biyu ko kwana uku ba su yi ba, da tsintsiya, da murfin langa, da kwalin da ta zo a ciki, da tsohuwa ɗaya mai gwiwa biyu marasa amfani. Cikin masu makoki ba wadda ta kai Ladidi kuka. Tana kuka tana taka tsakar gida, daga turmi zuwa gindin darbejiya, leɓenta na motsi kamar mai lissafin taku. Ta rantse gaban mutane duk abin da Iya ke so a wurinta ta faɗa kawai. Sannan ta tambaya ko an aika wa Alhaji Shitu, in ba a aika ba Mudi zai kai labari Kaduna, kyauta.

Tsohuwa ba ta zargin kowa. Zato zunubi ne, malamai sun faɗa. Biri ne dai ya yi kama da mutum.

Ga tsarin jana'iza. Ba sallah, ba makara, malamai su kwantar da hankalinsu, baƙin ciki bai taɓa kan Tsohuwa ba. Binnewa kuma an ɗage ta sai an gama masarar bana. Gawa za ta dinga kwanciya a tsakiyar shanya kullum daga hantsi zuwa la'asar, da tsintsiyarta a goshi, tana fuskantar gabas. Kaji ba su iya karatu ba, labari bai kai musu ba. Tun ranar Laraba Tsohuwa na riƙe da linzami tana yin wiiiii da bakinta, kuma ba wadda ta matso. Saboda haka ana roƙon masu zuwa gaisuwa su yi kukansu a zaure, kada su yi kusa da katanga. Ana roƙon direbobin hanyar Kaduna su ɗauki fasinjansu su bar wannan labari a tasha. Tsohuwa za ta gaya wa ɗanta da bakinta, ran da masu tuwo suka karɓi masararsu cif, ya ga ko akwai abin kwashewa.

Saura mai shaida ɗaya da ya ga komai da idonsa. Jiya jan zakaran ya hau kan gawa ya tsaya, ya ci ya ƙoshi, kaji na kallo daga kan katanga suna nazari.

Sadakar bakwai ranar Litinin bayan la'asar. Tuwon masara daga gida. Nama daga Ladidi, tunda ta rantse gaban jama'a. Ta taho da jan zakaran a ɗaure, ta haɗo da murfin rijiya. In ta kawo, Tsohuwa za ta ce Allah ya ba da lada, ta manta da zancen dawa. In ba ta kawo ba, unguwa na da ido, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ana roƙon Mudi ya zo da wuƙa, tunda aikinsa kyauta ne.