Takardar Tuhuma Ba Suna

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin a ofishinmu na Dutse ba. Har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni, haushin kaina kuwa.

Kwamfuta ɗaya tal gare mu a sashen da nake shugabanta. Ranar za mu miƙa sunayen ma'aikatan da za a yi wa ƙarin girma kafin azahar, sai ta ƙi ajiye komai, wai cikinta ya cika. Raina ya ɓaci. Dama na daɗe ina zargin Malama Binta, mai buga mana takardu, da tara finafinan Indiya a ciki (ban taɓa kama ta ba, amma mai zargi ina ruwansa da shaida).

Na tara kowa, na yi ta faɗa har jijiyoyin wuyana suka tashi. Na ce kayan gwamnati ba gidan kallo ba ne. Sannan na sa ta rubuta takardar tuhuma da hannu, irin wadda ke hana mutum ƙarin girma, ta bar gurbin suna. Tana rubutawa ina harararta.

Aka kira Malam Auwalu mai gyara. Ya jera abin da ke ciki daga mafi girma zuwa ƙarami, ya duba na farko, ya ce, "Yallaɓai, ko a ɗan ba mu wuri?"

Na ce, "A gaban kowa za a buɗe."

Ya buɗe. Kukan saniya ya cika ofis, sai ga muryar yayana daga rugarmu ta Garki: "Ka ga Fara ta haihu, ga maraƙin nan."

Kullum yake turo min bidiyon shanuna ta waya, don ni na ce ban yarda da labarin baka ba. Ni kuma kullum a jikin kwamfutar nake cajin waya. Ashe wata rana kwamfutar ta tambaye ni ko ta riƙa kwafe abin da ke cikin wayar, na danna ban karanta ba. Shekara biyu tana kwashe garken nan tana kiwo.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ci min rai ke nan. Aka goge shanun, sunaye suka tafi. Sai Malama Binta ta matso da biro, cikin ladabi ta ce, "Yallaɓai, sunan wa zan cike?"

Tun ranar, kafin in yi ihun ɓarawo sai na laluba aljihuna. Takardar tana nan a durowata, gurbin sunan yana jira na.