Ranar da Muka Tafi Neman Dajin Cikin Taswira

Jama'a, yau da safe na zura guga a rijiyar unguwarmu, ta dawo mini da yashi da wani kwaɗo mai kallona kamar ni na shanye ruwan. Ina tsaye ina jinjina lamarin sai ga maƙwabcina Mainasara, tsohon maharbi, ya sha babbar riga.

"Malam, aje gugar nan," in ji shi. "Manya sun taho can hanyar Sakajiki, za su koya muna yadda daji ka kawo ruwa."

Gani ya kori ji, sai na bi shi.

Mun tarar da rumfa da motoci goma sha ɗaya. Mai Girma Sarkin Hangen Nesa, Allah ya ƙara masa kujera, yana zaune yana shan iska. Wani masani mai tabarau ya yi bayani: in aka tsara gandun dajin hukuma, aka daina saran itace, saiwoyi za su riƙe ruwan damina, ƙasa ta sha, rijiyoyi su cika daga Kaura har Zurmi da Shinkafi. Wallahi gaskiya ya faɗa. Kakata ma ta san haka, sai dai ita ba a taɓa kama mata ɗakin otal don ta faɗa ba.

Aka warware taswira, kore shar, ga wani zane shuɗi ya ratsa ta. Kulsumu mai ƙosai, wadda ta kwana uku tana sayen ruwan wanke wake, ta matso da bokitinta.

"Ranka ya daɗe, wanga shuɗin mi ne ne?"

"Rafi ne, Hajiya."

"To a ɗan karkato mini shi nan."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Mai Girma ya ce yana son ganin dajin da idonsa, aka sa Mainasara gaba. Muka yi tafiya har takalman manya suka yi furfura. Can ya tsaya a wani fili fetal, ba komai sai kututture.

"Ina dajin?" in ji masani.

"Cikinai kuke tsaye. Nan na harbi gada ƙarƙashin kanya, nan rafi ka kai har bazara. Sauran dajin ya tahi birni cikin buhu."

Bai rufe baki ba sai ga babbar mota shaƙe da gawayi. Direban ya rage gudu, ya ɗaga wa Mai Girma hannu biyu, gaisuwar wanda ya san gida. Mai Girma ya duƙufa gyaran hularsa. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ni talaka ne, ban ga komai ba.

Don kada a koma hannu rabbana, aka dasa ɗan icen darbejiya guda, aka shayar da shi ruwan gora mai sanyi, aka ɗauki hoto sau bakwai, aka kafa kwamiti mai mutum talatin da zai duba yiwuwar sake zama. Kulsumu ta tattara ragowar ruwan gorunan ta juye a bokiti, ko rabi bai kai ba.

Ƙurar motoci ba ta kwanta ba akuyar Mudi mai shayi ta iso, ta cinye dashen har tushe. Kawo yanzu ita kaɗai ta ci moriyar shirin. Shawarata a saka ta cikin kwamitin. Ko ba komai, ita tana zuwa wurin.