Yadda Ake Ɗauko Mai Jego da Motar Manya 'Yar Kwatano

Ɗan'uwa, gyara zama ka ɗauki fensir. Idan ka bi matakan nan bakwai a jere, ba ka tsallake ko ɗaya ba, tabbas iyalinka za su dawo gida, kuma za ka mallaki motar da unguwa guda za ta riƙa labarinta. An gwada darasin a kan mutum ɗaya, ya kuma ci. Sunansa Malam Nata'ala, akawu a wata ma'aikata a Dutse, yana haya a Yalwawa. Da shi za mu riƙa misali. Kada ka yi gaggawa, babu mai korarka.

1. Ka fara samun dalili

Ba a sayen motar manya haka kawai. Mai saye haka kawai attajiri ne, wannan aji kuwa ba nasa ba ne.

Ga dalilin Malam Nata'ala. Matarsa Maijidda ta tafi wankan gida ƙauyensu a ƙasar Buji, ta haifi 'yar fari, aka raɗa mata Mu'minatu. Arba'in ta kusa, yana cikin wanke baburinsa, sai saƙo ya iso daga surukinsa Alhaji Sale: jikarsa ba za ta hau babur ba. A zo da mota ta mutunci ran Asabar, in kuwa babu, uwa da 'ya su zauna sai an kai amfanin gona gida. A lokacin ko shuka ba a yi ba. Malam Nata'ala ya lissafa watanni da yatsu, ya waiwaya ya dubi tukunyar da ya yi wata uku yana ƙona wake a cikinta, zuciyarsa ta karye.

Wani a bayan aji zai ce, ai sai ya ɗauki shatar mota ta yini guda. Madalla da wannan amsa. Amsar mai hankali ce, mai hankali kuwa nan darasinsa ya ƙare, yana iya tafiya gida.

2. Ka zaɓi doguwa

Sayar da babur. In kana da ɗan fili a bayan gari, haɗa da shi. Ka tafi Kano inda ake jera motocin Kwatano, kada kuma ka tafi da bakanike, domin bakanike ba ya son ganin mutum cikin farin ciki.

Nemi baƙa, doguwa, mai kujerun fata. Zagaya ta sau biyu, ka ɗan shuri taya da ƙafa. Babu wanda ya san amfanin shurin, amma dillali yana girmama mai yinsa.

"Yallaɓai, wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta," in ji dillalin da ya tari Malam Nata'ala. "Daga gida sai asibiti. Giya ma da kanta take canzawa, kai dai naka totur da birki. Gilashi kuwa, dubi nan." Ya danna wani ɗan madanni, gilashi ya sauka a natse kamar mai ruku'u.

"Tana shan mai?" in ji Malam Nata'ala, don kada a ce bai tambayi komai ba.

"Sha? Lasa take yi, kamar mage."

Bai tambayi girman magen ba. Kai ma kada ka tambaya.

3. Ka koyi zama da allurar mai

Shekarun nan kowa ya san su: layin gidan mai ya fi na ranar zaɓe, 'yan bumburutu kuwa sun jera galan a bakin titi suna kallonka kamar ɗan'uwan da ya daɗe bai zo gida ba. Saboda haka riƙe ƙa'idoji biyu.

Ta farko, duk inda ka tsaya, kashe inji nan take, ko da gaisuwa ce. Ta biyu, kada ka kunna na'urar sanyi. In ka zo inda mutane suke, ɗaga gilashi duka ka yi murmushi. Na waje ba ya ganin gumi, baƙin gilashi yake gani. Haka Malam Nata'ala ya ratsa Dutse tun daga sakatariya har Yalwawa, ya fito babbar rigarsa sharkaf, maƙwabta suna cewa sanyin ciki ne ya yi masa raɓa.

4. Ka gaida suruki yadda aka koya maka

Ran Asabar, tsaya kafin ka shiga ƙauye ka goge motar da tsumma, sannan ka shiga a hankali don kowa ya samu rabonsa na kallo.

Malam Nata'ala ya ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya kashe inji bisa ƙa'ida. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsugunna, ido a ƙasa. Alhaji Sale ya amsa gaisuwa a taƙaice, idonsa yana wani wuri. Ya tashi ya shafa motar tun daga hanci har wutsiya, ya buɗe baya ya zauna, kujera ta karɓe shi da wani irin numfashi.

"Ina hannun murɗa gilashin?"

"Babu, Baba. Dannawa ake yi."

Ya murɗa makulli rabi, yadda wuta za ta zo ba tare da an ƙona mai ba. Alhaji ya danna. Gilashi ya sauka. Ya sake dannawa, ya hau. Sai Alhaji ya ce a kira masa liman.

Liman ya danna, ya yi tasbihi. Mai unguwa ya danna. Sarkin fawa ya goge hannu a riga ya danna sau huɗu. Aka gano cewa gilasai huɗu ne, kowanne da madanninsa, aka raba dattawa gida-gida. Wani ya lalubo rediyo, aka ji sanarwar ɗaurin aure har ta Garki. Tun azahar ake abu ɗaya.

Malam Nata'ala yana tsugunne a gefe, kunnensa yana kan gilashi. Ya ji ya fara hawa da nishi, kamar tsoho a kan tudu. Ya san abin da ke tafe, don yana da tocila a gida. Amma tunda aka kafa ƙasar nan ba a taɓa jin wanda ya ce wa surukinsa "bari" ba. Iyakar abin da ya iya shi ne tari. Ya yi sau biyu.

"A ba yaron nan ruwa," in ji Alhaji, ya danna.

5. In ta ƙi tashi, ka bar jama'a su taimaka

Bayan la'asar aka fito da gara: buhun gero biyu, tulun man gyaɗa, ƙwaryar alkaki, kaji uku a ɗaure. Maijidda ta fito lulluɓe, goggonta Kubura tana riƙe da jaririya. Alhaji ya ce zai raka su bakin gari, don haka bai sauka ba. Maijidda ta shiga gaba, ta yi magana ƙasa-ƙasa tana kallon tabarmar ƙafa.

"Malam, ina babur?"

"Ya zama wannan."

"Filin fa?"

"Shi ne tayoyin baya."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas.

A nan kada ka firgita. Babu namiji a Jigawa da bai san maganin motar da ta ƙi tashi ba: turi. Da shi ake tayar da motar kasuwa kowace safiya, da shi aka tayar da tarakta ran da aka kawo ta. Kafin Malam Nata'ala ya buɗe baki, maza ashirin sun naɗe hannun riga.

"Sa ta a giya biyu!"

Ya dubi sandar giya, ya sa ta inda ya ga ta yarda ta gangara. Suka tura. Mota ta ɗauki gudu.

"Saki! Saki mana!"

Ya laluba da ƙafar hagu yana neman kulocin da zai saki, ƙafa ta sami fili fetal. Ya saki totur. Ya saki birki. Da ihu ya yi yawa ya saki sitiyari, Maijidda ta yi salati ta kama.

Aka tura ta har makarantar firamare. Aka juyo da ita ta bayan rijiya, inda ake da gangara. Sarkin fawa ya ce nauyi ne, a sauke gero. Alhaji ya leƙo ta gilashin da ya tsaya a rabi, ya ce nauyin baya shi ke sa taya ta kama ƙasa, kowa ya sani, a ci gaba. Liman ya tofa a kan inji, ya koma ya tura. Kaza ɗaya ta kwance ta bi ta kan Goggo Kubura ta fice. Da ladan ya kira magariba, yana haki don shi ma ya tura, mota ta zagaya ƙauye sau uku ta dawo ƙarƙashin darbejiyar da ta baro.

Maijidda ta karɓi 'yarta ta koma cikin gida. A bakin zaure ta ɗan tsaya.

"Sannu da tuƙi, Malam."

6. Yanzu ka kira bakanike

Washegari aka aika wa Aji, bakanike mutumin Haɗeja mai gareji a Dutse, ya zo da tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya dubi mazan gari da ke tafiya a karkace, kowa dafe da ƙugu.

"Wa ya ce ku tura ta?"

"Ai mota ce," in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, irin wannan mai canza giya da kanta, ko Jigawa duka ta taru ta tura ta har Maiduguri, ba ta tashi. Batir ne ya mutu. Wa ya sha shi haka?"

Kowa ya dubi darbejiya.

Aji ya kwance batir, ya ce sai an kai Dutse an yi caji, in an kawo wuta. Wutar Yalwawa kuwa ta fi kwana tara ba ta leƙo ba. Malam Nata'ala ya tsugunna gaban Alhaji, wanda tun hantsi yake zaune a kujerar baya, ƙofa a buɗe, yana karɓar gaisuwa. Har an kawo masa fura can.

"Baba, ko za a yi mini izini... iyalin..."

Alhaji ya shafa fatar kujera. "Ai ka cika sharaɗi, ka zo da mota. Ban ce sai ta koma ba. Ku bi wannan bawan Allah, gaban motarsa da rufi. Wannan kuwa kada ka sa ta a ranka, ni zan kula da ita."

Da azahar Maijidda tana ɗakinta a Yalwawa, tana kankare tukunya tana tambayar abin da wake ya yi masa.

7. Ka riƙa kula da lafiyarta

Ga inda masu motar manya suke faɗuwa, ga kuma inda Malam Nata'ala ya yi zarra. Da batir ya cika ya kai shi, ya tarar an kafa wa mota rumfar zana, an share gabanta, takalman baƙi a jere a bakin ƙofar baya. Alhaji ya yi murna ƙwarai, ya ce a ɗaura maza, gilashi ya kwana biyu bai motsa ba. Malam Nata'ala ya ɗaura. Ya buɗe baki zai yi maganar tafiya, ya dubi rumfa, ya yi tari. Aka ba shi ruwa.

Tun daga nan, duk Asabar ta biyu yakan shiga motar haya da batir a cinya, ya kai cikakke ya ɗauko matacce. Shekara uku ke nan. Taya ba ta sile ba, fenti bai ƙwarzane ba, rabin tankin da ya zuba yana nan. A ofis in an tambaye shi mota, sai ya ce, "Tana wurin Baba." Labari ya bazu cewa akawu guda ya saya wa surukinsa motar manya, har manyansa suna nuna shi ga sababbin ma'aikata.

A kula

Mai wannan darasi malamin aji ne, keke yake hawa. Ya yi alkawarin iyali za su dawo, sun dawo. Abin da ya biyo baya babu hannunsa, ko ciwon ƙugu ne, ko ɓatan kaza. Musamman ba ya ɗaukar alhakin ranar da labari zai kai kunnen mahaifiyarka, kamar yadda ya kai na mahaifiyar Malam Nata'ala a makon jiya. Ta aiko a gaya masa tana taya surukinsa murna, ita da ta haife shi kuwa ƙafafunta lafiya lau, har yanzu suna kai ta kasuwa. Ta ce ba ta neman komai. In dai ya tashi sayen tata, ita fara take so.