Kamus da Birin Injiniya

"Sifaniyanci? Ni fa da shi nake mafarki!" in ji Kamus, yana dukan ƙirji a tsakiyar ma'aikatar gyaran injina.

Abokina, kada sunan ya ruɗe ka. Abokan aikinsa ne suka laƙa masa don tsiya, shi kuwa gogan ya ɗauka sarauta ce. Duk Sifaniyancinsa kalma ɗaya ce da ya tsinta a waya: "mono", wato kyakkyawa.

Da Oga ya ce wata injiniya mai jin Sifaniyanci kaɗai za ta zo ta haɗa sabon inji, kuma wanda ya yi tafinta zai zama shugaban sashe, sai Kamus ya yi tsalle ya rigaya kowa.

Injiniya ta iso da farar riga tas. Ta leƙa ƙarƙashin injin, ta ga baƙin mai, sai ta nuna ƙirjin Kamus, wanda ke sanye da rigar makanikai mai haɗe da wando. Ta ce, "Mono."

"Me ta ce?" in ji Oga.

Kamus ya shafa gemu. "Ranka ya daɗe, abin da kunya. Cewa ta yi na haɗu."

"Kai ɗin? Da wannan hancin kamar murfin tukunya?"

"Su can irinsa suke nema."

Injiniya ta buga ƙafa. "Mono! Mono!"

Kamus ya ga fuskar nan ba ta soyayya ba ce. Ya sulale banɗaki, ya sake duba waya, sai ga wata ma'ana: biri. Gumi ya karyo masa. Amma babban wawa ba ya dawowa hannu rabbana.

"Ranka ya daɗe, na zurfafa bincike. Biri take so. A ƙasarsu biri ne ke shiga ƙarƙashin inji ya ɗaure noti."

Oga ya tuna tsadar injin, ya aika aka ɗauko mai wasa da biri daga bakin kasuwa. Biri na shigowa ya fizge hular Kamus, ya kifar da gwangwanin mai, ya haye kafaɗar Injiniya ya zauna kamar mai gida.

Matar ta yi dariya har da hawaye. Ta shafa kan birin tana cewa, "Ke mono!", wato "Kai, kyakkyawa!" a yarensu. Sannan ta cafki hannun rigar Kamus ta jijjiga, ta nuna farar rigarta, ta nuna man da ke ƙasa. Har mai shara ya gane: rigar aiki baiwar Allah ke nema tun ɗazu.

Oga ya karɓi wayar Kamus ya karanta da kansa: biri, kyakkyawa, rigar aiki.

"Tuɓe ka ba ta."

"Ranka ya daɗe, a gaban jama'a?"

"Tuɓe, Shehun Malamin tafinta!"

Kamus ya tuɓe. Aka bar shi da singileti mai huji da gajeren wando mai zanen furanni, ƙafafu kamar sandunan rake.

Oga ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ga ma'aikata.

"To, kun ga darasi kyauta. Rigar tana jikinta, kyakkyawan yana kafaɗarta, birin kuma ga shi nan tsaye yana jiran ƙarin girma."